Me ya kamata mu saya wa Baba? Amsoshi ga masu jinyar iyaye da kansar hanta ta ci ƙarfinsu

Tambaya: Likitoci sun ce kansar hantar mahaifinmu ta bazu, ba za a iya yi masa aiki ba. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, ba ya tashi sai an ɗaga shi. Yayanmu ya ji labarin wata ƙwaya mai tsada, sorafenib, ya ce mu haɗa kuɗi mu saya. Ina tsoron mu ƙi, daga baya mu yi da-na-sani. Daga 'yar autarsa.

Amsa: Sannu da jinya, 'yar'uwa, Allah ya ba ku lada. Yayanki bai ji ƙarya ba. Sorafenib magani ne na gaske, tun 2007 aka amince da shi don kansar hanta. Sai dai ki duba abin da ya yi a babban gwajin da aka yi masa: waɗanda suka sha sun rayu kimanin wata 10.7 a matsakaici, waɗanda ba su sha ba wata 7.9. Ƙarin bai cika wata uku ba, kuma bai warkar da cutar ba. Kusan duk waɗanda aka gwada a kansu mutane ne da hantarsu ke aiki, suna yawo da ƙafarsu. Baba kuwa, yadda kika siffanta shi, ya wuce nan. Jiki irin nasa wahalar ƙwayar zai kwasa: gudawa, kasala, saluɓewar fatar tafin hannu da ta ƙafa. Sababbin magungunan ƙarin ruwa da suka fito a 2020 ma sai mai sauran ƙarfin hanta ake ba wa.

Kada ki yi musu da Yaya a gida. Ku tafi tare wurin likita, ku tambaye shi abu ɗaya: a ma'aunin Child-Pugh, hantar Baba A ce, B ce, ko C? Da wannan ma'aunin suke gane ƙarfin da ya rage wa hanta. In ya ce C, to maganar ƙwayar ta ƙare, kuma Yaya zai ji daga bakin da zai yarda da shi.

Kuɗin da kuka haɗa yana da wurin zuwa. Ruwan da ya taru a cikin Baba shi ke hana shi numfashi da cin abinci. Ana zuƙe shi da allura a asibiti, mutum ya sami sauƙi a ranar, amma yana sake taruwa, don haka ku ware kuɗin komawa sau da yawa, har da na mota. Ku tambaya ko asibitin na da masu kula da sauƙaƙa wa majinyacin da cutarsa ba ta warkewa. In Baba na cikin hayyacinsa, a tambaye shi abin da yake so. Na ga gidajen da 'ya'ya suka kwana suna shawara a kan uba, shi yana ɗaki yana jin su, ba wanda ya leƙa ya ce, "Baba, kai me ka gani?"

Tambaya: Mama ta kwanta gaba ɗaya. Kuɗina ba zai sayi gadon asibiti da katifar iska tare ba. Wanne zan fara? Daga babban ɗanta.

Amsa: Katifar, ɗan'uwa. Wadda nake nufi ita ce mai ɗan inji da ke hura wani sashe yana sace wani, ana shimfiɗa ta a kan katifar da take kai. Mai ciwon hanta yana ramewa sosai, ƙashi ya fito, fata ta yi laushi, nan da nan gyambon kwanciya ya ɓulla a ƙugu da dunduniya, kuma in ya ɓulla da wuya ya warke. Injin na buƙatar lantarki dare da rana, ka yi lissafin wannan tun kafin ka biya. Ko da katifar, a riƙa juya Mama duk bayan awa biyu zuwa huɗu.

Gadon kuwa, in akwai na haya ko na aro, ka karɓa, don abu ne na 'yan makonni ko watanni. In babu, matasan kai huɗu ko biyar za su tallafe ta ta kishingiɗa, wanda shi ne abin da mai kumburin ciki ke nema. Ragowar kuɗin ka sayi ƙananan abubuwan da ba mai tunawa da su sai dare ya yi: ledar shimfiɗa, kunzugun manya, safar hannu, kujerar bahaya ta gefen gado, man shafawa marar ƙamshi saboda ƙaiƙayin shawara, da abin yanke farce. Ka haɗa da tawul biyu masu duhun launi. Jijiyoyin maƙoshin mai wannan ciwo kan kumbura su fashe, ya yi aman jini. Tawul mai duhu na rage firgicin majinyaci da na wanda ke tsaye a kansa. Tun yanzu ka tambayi likita abin da za ku yi in hakan ta faru.

Tambaya: Mahaifina na kukan ciwo a gefen dama. Likita ya rubuta morphine, amma muna tsoron zai gaggauta masa, sai muke saya masa ibuprofen a kemis. Wata maƙwabciya kuma ta kawo mana maganin wanke hanta. Mu ci gaba?

Amsa: Ku tsayar da ibuprofen yau, ɗiyata, da diclofenac da aspirin in kuna ba shi. Wanda kuke ganin mai sauƙi shi ne mai haɗari a nan: yana jawo zubar jini a ciki, yana kuma kashe ƙodar mai ciwon hanta. Paracetamol da mutane ke gudu ya fi su aminci, muddin bai wuce giram 2 a yini ba kuma likita ya sani. Morphine da likita ya auna, kaɗan-kaɗan da tazara mai tsawo saboda raunin hanta, ciwo yake ɗaukewa, ba rai ba. A ba shi a kan lokacin da aka rubuta, kada a jira sai ya fara nishi.

Amma morphine yana ƙulle ciki, kuma ƙullewar ciki ga mai ciwon hanta ba ƙaramin abu ba ne. Gubar da hanta ta kasa tacewa takan hau kai, sai ki ga Baba na barci da rana yana farke da dare, yana sambatu, hannunsa na karkarwa, wani lokaci ya zagi wanda ya fi so. Ba halinsa ba ne, ciwon ne. Maganin da ake bayarwa shi ne lactulose, ruwa ne mai zaƙi, ana daidaita shi har mutum ya yi bahaya mai laushi sau biyu ko uku a yini. Kada ya yanke a gidan. Ƙwayar barci kuma kada a saya masa da ka, ƙara ruɗewar take yi.

Maganin wanke hanta, ku yi wa maƙwabciya godiya ku ajiye. Duk abin da ya shiga ciki hanta ce ke sarrafa shi, tasa kuwa ta gaji. Abinci ma kada a yi masa dole. Kaɗan sau da yawa, gishiri kaɗan, abin da ransa ke so. In ya daina karɓa, a riƙa jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta.

Akwai saye ɗaya da ba wanda ya tambaye ni a cikinku ukun. Ciwon hanta nau'in B na cikin manyan abubuwan da ke haifar da kansar hanta, yana bin gida, musamman daga uwa zuwa jariri, kuma yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Ku tambayi likita ko shi ne asalin ciwon mahaifanku. In shi ne, kowane ɗa da abokin zaman majinyacin ya je a gwada jininsa. Wanda ba ya ɗauke da shi a yi masa rigakafi, allura uku ce cikin wata shida. Wanda aka samu yana da shi ya fara ganin likita, a riƙa duba hantarsa duk bayan wata shida in likitan ya ga dacewar haka.