Mun Koma Sabuwar Sabar, Imel Na Fita Amma Ba Ya Shigowa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani. Ranar Asabar muka kwashe imel ɗinmu zuwa sabuwar sabar mai Ubuntu da Postfix, manhajar aikawa da karɓar imel. Saƙonmu na fita lafiya, amma duk wanda ya turo mana daga Gmail, shiru kake ji. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hanyar fita daban, ta shigowa daban, don haka fitar saƙo kada ta ruɗe ka. Mu bi sawun wasiƙar tun daga waje.

Kafin Gmail ya kawo muku saƙo, sai ya tambayi DNS, kundin adireshin intanet, inda ake ajiye wasiƙunku, kuma bayanin MX, wanda ke nuna sabar mai karɓar imel ɗinku, shi ke ba shi amsa. Rubuta umarnin dig MX da sunan domen ɗinku, wato abin da ke bayan @ a adireshinku. In tsohuwar sabar ta fito, to can saƙonninku ke tafiya. Suna ake sa wa MX, ba lambar IP ba, kuma sunan ya zama yana da bayanin A da ke nuna sabuwar lambar. Kada ya zama CNAME, wato laƙabin da ke nuna wani sunan. Ko ka riga ka gyara, duba TTL, wato daƙiƙun da ake riƙe bayani kafin a sake tambaya: in 86400 ne, wasu za su ci gaba da riƙe tsohon bayani har awa 24. Da kun mayar da shi 300 kwana biyu kafin ƙaura, da ba a sha wannan jiran ba, amma aikin gama ya gama.

In MX daidai yake, sai ƙofa (port) ta 25. Ma'aikatanku ta 587 suke aikawa, baƙi kuwa ta 25 kaɗai suke shigowa. Daga wata kwamfuta a wajen ofis gwada umarnin telnet zuwa ƙofar. Layi mai farawa da 220 ya fito, a buɗe take. Bai fito ba, duba ufw, katangar tsaron Ubuntu, da ta kamfanin da kuke hayar sabar a wurinsa.

Ni dai inda na fi zargi shi ne main.cf, fayil ɗin saitin Postfix. Wanda ya zaɓi tsarin cikin gida kawai lokacin girka Postfix, zai tarar inet_interfaces na kan loopback-only, wato sabar kanta kaɗai take saurara. Mayar da shi all ka sake tayar da Postfix. Sannan domen ɗinku ya kasance cikin mydestination ko virtual_mailbox_domains, wuri ɗaya, ba duka biyun ba. In babu shi, za ka ga Relay access denied a /var/log/mail.log.

SPF da DKIM, masu tabbatar da cewa saƙo daga gare ku yake, bar su tukuna, aikinsu na saƙon da ke fita ne.

Kada ka kashe tsohuwar sabar sai bayan mako guda. Saƙon da ya tarar da ƙofa a rufe, masu aikawa kan yi ta sake gwadawa kwana 4 zuwa 5. Wanda aka ƙi da lambar 554 ya koma ga mai shi, sai ya sake turowa. Waɗanda suka faɗa tsohuwar kuma, kwaso su da manhajar imapsync.