Jiri da faɗuwar gaba ana cikin aikin haihuwa

'Yar'uwa, kin ce da aka yi miki aiki a nan Maradi, ana ciro jariri sai kika ji jiri, amai ya taso, zuciya na dukan uku-uku, kuma kina fargabar aiki na biyu. Sannu, Allah ya raba lafiya.

Abu biyu ne suka haɗu. Allurar kashin baya da ke kashe ƙafafu tana sakin jijiyoyin jini, awon jini ya sauka. Ana fiddo yaro kuma sai a ba da oksitosin don mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Shi ma yana ƙara saukar da awon, musamman in an tura shi da sauri. Shi ya sa mai allurar barci ke tsaye daidai kanki, abin awo na matse miki dantse bini-bini, ga ƙarin ruwa da maganin ɗaga awon a kusa. Yawanci cikin 'yan mintoci yake wucewa.

Wanda ya fi damuna shi ne ergometrin, wata allurar tsuke mahaifa: shi hawan jini yake kawowa, ba a ba mai hawan jini ko mai alamun jijjiga. Don Allah kada ki ɓoye wannan, ko asma, ko jiƙon da kika sha a gida. Kada ki ci abinci bayan lokacin da aka hana ki.

Ranar awo ki tafi da katinki, ki nemi ganin mai allurar barci, ki faɗa masa abin da kika ji wancan karon.