Abin da ya sa jirgi ke ƙin ka a bakin matsaya

Ɗana, na ji tambayarka. Ka ce a tsakiyar kogi jirgin nan yana bin hannunka kamar raƙumi da akala, amma da zarar ka nufo matsaya za ka ɗaure shi sai ya rikiɗe maka, jiya ma gindinsa ya gogi bango har fenti ya ɗaye. Kana so ka san inda kake kuskure. Ina tsaye ina kallonka jiyan, kuma tun kana nesa na san za a goga, domin ka shigo ruwa yana bayanka.

Hannunka da mota ya saba, shi ya sa. Mota a kan ƙasa take, ƙasa kuwa ba ta tafiya, kuma akwai birki a ƙarƙashin ƙafarka. Jirgi ba shi da birki. Wannan namu tsawonsa mita 10, nauyinsa ya kai tan 7 idan tankunan mai da na ruwa suna cike. Ko ka mayar da giya firi, wannan nauyin zai ci gaba da tafiya da kai, sannan shi kansa ruwan da kake kai yana nasa gudun. Abu biyu ke tsayar da jirgi: ribas, da ruwan da ke tahowa ta goshinsa. Na biyun ya fi na farkon aminci, kuma ko ɗigon mai ba ya ci.

Ka riƙe wannan lissafin, don a kansa komai ya rataya. Allon juyi, wanda ke ƙarƙashin gindin jirgi bayan farfela, ba ya aiki sai ruwa yana wucewa ta jikinsa. Idan babu ruwan da ke dukansa, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe jirgin ba zai ji ka ba. Mu ɗauka kogin yana gudun not 2. Not ɗaya shi ne mil ɗin teku guda a awa, wato mita 1,852. Mu ɗauka kuma jirgin yana bukatar not 2 a cikin ruwa kafin allon ya kama. Idan ka biyo ruwa, kamar yadda ka yi jiya, naka 2 da na kogi 2 sun haɗu, kana tunkarar bango da not 4, sama da kilomita 7 a awa, da tan 7 a hannunka. Idan ka rage wuta don tsoron bangon, sitiyari ya mutu, ruwa ya ɗauke ka ya kai ka inda ya ga dama. Amma da ka wuce matsayar, ka juyo, ka fuskanci ruwan, to naka 2 ya cinye na kogi 2. Wanda ke gaɓa zai ga jirgin tsaye cak wuri ɗaya, alhali ruwa yana ta kwarara ta ƙarƙashinsa, allon yana raye, sitiyari yana amsa maka. Daga nan sai ka ɗan karkatar da goshi wajen bango, kaɗan kawai, ruwan da kansa zai tura jirgin a kaikaice, sannu a hankali, har ya kwanta a jikin robobin kariya, waɗanda ake ratayewa tsakanin jirgi da bango, ba tare da ka ji ko ƙyas ba. Shekaru nawa ina wannan aiki, har yau idan na ga jirgi ya shiga matsaya haka sai na ji daɗi a raina.

Kuskurenka na biyu ya biyo bayan na farko. Da ka ga bango ya matso da sauri, sai ka murɗa sitiyari don ka kauce masa. A mota gaba ke juyawa, baya ya bi. Jirgi kuwa daga gindi yake juyawa. Idan yana tafiya gaba, yana kewaya wani wuri ne da ke kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawonsa daga goshi, don haka goshi ya ɗan matsa dama, gindi kuma ya yi babban lilo zuwa hagu. Kai kana kallon goshi yana barin bango kana murna, gindin kuwa yana can bayanka yana nufar bangon. Shi ne ƙarar da ka ji. Duk lokacin da ka taɓa sitiyari a wuri mai ƙunci, ka waiwaya.

Akwai kuma halin farfela, wanda da yawa suke ɗauka lalacewa ce. Farfelar jirginmu tana juyawa dama idan ka kalle ta daga baya tana giyar gaba. Irin wannan, idan ka sa ribas, takan ja gindin jirgi zuwa hagu kafin jirgin ya fara ja da baya sosai. Ba sai ka yarda da bakina ba. Gobe, jirgin yana ɗaure da igiyoyinsa, ka sa ribas da ƙaramar wuta, ka leƙa ruwa ta ɓangarorin biyu. Za ka ga ruwa yana tafasowa ta dama fiye da hagu, gindi kuwa yana gudun ɓangaren da ruwan ke tafasa. Kowane baƙon jirgi aka ba ka, ka yi masa wannan gwajin kafin ka kwance shi, don akwai masu farfelar hagu. Da ka san halin, ya zama ɗan aikinka. Ka shigo da gefen hagu wajen bango, goshi a ɗan karkace, ka ba shi ribas sau ɗaya: jirgin ya tsaya, gindi kuma ya jawo kansa ya kwanta. Idan gefen dama ne dole, to ka shigo kusan a miƙe da bangon, kana sane cewa ribas zai fitar da gindi waje.

Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, gaskiya ne, amma a jirgi sannun da ta yi yawa tana kashe sitiyari. Maganinta shi ne ɗan bugu. Ka fara juya sitiyari inda kake so tun giya tana firi, ka sa giyar gaba na daƙiƙa 2 ko 3, ka mayar firi. Ruwan da farfela ta watsa wa allon zai juya gindi kafin jirgin ya tara gudu. Sitiyari tukuna, sannan giya, kada ka sauya wannan tsarin. Kuma tsakanin gaba da ribas ka ɗan dakata a firi injin ya sauko, in ba haka ba akwatin giya kake ci.

Sai kuma iska, wadda a irin jirginmu ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce. Ɗakinsa dogo ne a sama, abin da ya nutse a ruwa kaɗan ne, goshin ma ya fi ko'ina rashin nauyi, saboda haka shi iska ke fara kwashewa. Kafin ka shiga kowace matsaya, ka tsaya daga nesa ka duba. Dubi tuta. Dubi yadda ruwa ke tsagewa a jikin turken matsaya, da inda ganye da kumfa suka nufa. Dubi jiragen da ke kan anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, su ba sa ƙarya, goshinsu yana kallon wanda ya fi ƙarfi tsakanin iska da ruwa. Wanda suka fuskanta, shi za ka fuskanta. Na san jirage da yawa yanzu suna da ƙaramar farfela a goshi mai tura shi gefe, kuma ban raina ta ba. Sai dai mai aiki da batir takan yi zafi ta yanke idan aka daɗe ana danna ta, kuma ranar iska mai ƙarfi ce ranar da za ka daɗe kana dannawa. Ka iya aikin babu ita tukuna.

Yanzu maganar da ta fi fenti muhimmanci. Jiya na ga abokin aikinka ya miƙa ƙafa zai tokare bangon, na daka masa tsawa, na kuma ga ransa ya ɓaci. Ka gaya masa dalilina. Na taɓa ganin saurayi ya sa ƙafa tsakanin jirgi da bangon kankare, jirgin ma a hankali yake tafiya, yadda za ka rantse yaro zai iya tare shi. Ƙarar da idon sawunsa ya yi har yau tana kunnena, kuma bai sake taka ƙafar daidai ba. Fenti ana sake shi a yini ɗaya. A jirgina ba a sa hannu ko ƙafa a tsakani, ana riƙe robar kariya ɗaya a sake da igiyarta, a zura ta duk inda za a haɗu. Ba a kuma tsalle zuwa gaɓa. Idan taku ɗaya bai kai mutum ba, matuƙi ne bai gama aikinsa ba. Igiyoyi su kasance a shirye, a warware, robobi a rataye daidai tsayin bangon, kowa ya san aikinsa tun ana nesa. Igiyar goshi ita ce ta farko idan kana fuskantar ruwa, don ita ke riƙe jirgin. Idan aka fara ɗaure gindi, ruwa zai shiga tsakanin goshi da bango ya buɗe jirgin kamar ƙofa.

Idan ka ga shigowar ta ɓaci, ka fita ka sake zagayowa tun da sauran fili. Babu kunya a ciki, ni ma ina yi. Amma ka duba gaba da baya kafin ka gitta hanya. Dokokin hana karon jirage a teku na 1972 sun ce a ƙunƙuntar hanya ka riƙe gefen damanka, kuma jirgin da bai kai mita 20 ba kada ya tare wa babban jirgin da ba shi da wurin bi sai tsakiyar hanyar.

Ranar da za mu gangara bakin teku, za ka ga abin da zai rikita ka idan ban faɗa maka yanzu ba: can ruwa ba ya gudu ta fuska ɗaya. A yawancin gaɓoɓi teku yana cikowa ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato tsakanin cika da janyewa awa 6 da 'yan mintuna. Matsayar da ka shiga daga gabas da safe, da rana sai ka shige ta daga yamma. Gudun ya fi tsanani a tsakiyar waɗannan awoyin, kuma ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa. Jadawalin cikar teku zai ba ka lokacin, amma a cikin kogi ruwa yakan makara bai juya daidai da takarda ba, don haka turken matsaya za ka kalla. Idan bangon ba mai tashi tare da ruwa ba ne, ka ɗaure da dogayen igiyoyi, ka kai su nesa gaba da baya. Gajerar igiya a lokacin cika tana nufin idan ruwa ya sauka jirgi zai rataye a kanta har ƙarfen ɗauri ya tumɓuke.

Gobe da sassafe, kafin iska ta tashi, za mu ɗaura wa jarka marar komai igiya da dutse mu jefa a inda kogin ya yi faɗi. Za ka tunkare ta kana fuskantar ruwa, ka tsayar da goshi taku ɗaya daga gare ta, ka riƙe shi a nan minti guda da giya da sitiyari kawai. Sau 10 za ka yi. Sannan ka gwada sau ɗaya ruwa yana bayanka, don hannunka ya ji bambancin a inda babu abin bugawa. Bayan haka mu koma bangon jiya. Ka sa rigarka ta hana nutsewa tun daga gaɓa, ka kuma zo da abokin naka, shi zai riƙe robar.