Kai Baba Gamji a keken guragu

Malama, kin tambaya ko za ki iya kai Baba shan iska Gamji tunda yanzu a keken guragu yake. Za ki iya, ni ma na sha fita da Hajiyarmu a irin keken.

Gamji dai, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, a bakin kogin Kaduna yake, akwai inuwar manyan bishiyoyi. Can ne kuma tsohuwar gadar Lugga take, wadda aka ɗauko daga Zungeru. Dattawa na son ganinta, sai labarin zamanin baya ya ɓalle.

Lokaci shi ne komai. Ku je da hantsi ranar aiki, kada ku kuskura ranakun Sallah, cunkoson yara ba zai bar keke ya motsa ba. Damina ma a haƙura. Mun taɓa shiga wani lambu bayan ruwan Agusta, ƙananan tayoyin gaba suka nutse a laka, sai da samari biyu suka ciccibi Hajiya, ita kuwa tana ta salati. Tun ranar, in na iso yashi ko ciyawa sai in ɗaga gaban keken in tura a tayoyin baya, gangara kuma da baya-baya nake sauka.

Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta wajabta wa gine-ginen jama'a hanyar keke, amma kada ki dogara da ita. Ki tura ƙaninki ya leƙo ƙofar shiga da ban ɗaki tukuna. Ku ɗauki mota mai but, Keke Napep wahala ce. A riƙo wa Baba hula da ruwa, Allah ya ƙara masa lafiya.