Tambaya da Amsa: Jirgi Maras Matuƙi Zai Karɓe Aiken Ɗan Acaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da turare a kasuwar Sabon Gari, kuma yawancin masu sayen kayana ta waya suke yin oda, sai in ba ɗan acaɓa ya kai musu Samaru ko cikin birni. Na ji an ce jirage marasa matuƙa sun fara kai saƙo har gida. Shin mu ma za mu ga haka a Zariya? Daga wata 'yar kasuwa, Sabon Gari.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika ji gaskiya ne, kuma bai yi mana nisa ba. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, ya buɗe tasharsa a Pambegua cikin Jihar Kaduna a 2022, inda jiragensa ke ɗaukar magunguna da alluran rigakafi su kai asibitocin karkara. Jirgin ba ya sauka. Idan ya isa sai ya sako ƙunshin da 'yar lema, ya juya gida. Duk wanda ya san yadda hanyoyin ƙauyukanmu ke lalacewa da damina, ga kuma fargabar tsaro, ya san darajar maganin da ya iso ta sama cikin mintuna, musamman ga mai naƙudar da jini ya ɓalle mata.

Sai dai wannan jirgin ba ya ɗaukar abin da ya kai kilo 2, wato turmin atamfa biyu ko uku sun cika masa ciki. Ko Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, da ya sanar da shirinsa na kai kaya da jirage marasa matuƙa tun 2013, har yanzu garuruwa ƙalilan yake kai wa, kuma ƙananan kaya kawai, saboda batir yana saurin ƙarewa idan kaya suka yi nauyi.

A nan Zariya akwai ƙarin cikas. Gidajen cikin birni a manne suke da juna, lunguna matsattsu ne, wayoyin lantarki sun ratsa ko'ina, kuma da yawa ba su da lamba. Da kwatance ake gane gida, wanda ɗan acaɓa zai tsaya ya tambaya, jirgi kuwa ba shi da bakin tambaya. Haka kuma Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama tana garin nan, ɗalibanta suna shawagi a samanmu, ga barikin soja, don haka samun izini daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa (NCAA) da ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba zai zo da sauƙi ba. Ga hazon hunturu da guguwar farkon damina.

A ganina, Hajiya, ki riƙe ɗan acaɓanki da kyau, ki riƙa karɓar lambar wayar mai saye da cikakken kwatancen gidansa, domin atamfarki za ta daɗe tana zuwa Samaru a bayan babur.