Sallar Mai Goyo a Ƙasar Waje: Ɗaukar Yaro da Haɗa Salloli

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune da maigidana a wata ƙasa ta arewacin Turai, shekararmu ta uku ke nan. Yarana biyu, babban shekararsa huɗu, ƙaramar watanta tara. Maigidana yana fita aiki tun da duku-duku, sai dare yake dawowa, kuma ba ni da kowa a nan da zai riƙe min yaro ko na minti biyar. Da na tayar da kabbara ƙaramar za ta rarrafo ta kama ƙafata tana kuka, dole in ɗauke ta, ga famfas a jikinta ban san abin da ke ciki ba. In na yi sujada babban ya haye bayana. Lokacin sanyi Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa a jere, ga ɗauko yaro daga makaranta a tsakiya, sau da yawa sai in haɗa su. In maigida ya dawo kuma sai ya wuce masallaci. Shin sallata ta inganta? Ya halatta in riƙa haɗawa? Wallahi Malam, wani lokaci in na sallame sai in fashe da kuka, ina ganin kamar ban yi sallah ba.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, sallarki ta inganta in sha Allah. Na fara da wannan ne don zuciyarki ta kwanta kafin mu shiga bayani, domin na ga abin da ya fi damunki shi ne ƙarshen wasiƙarki.

Ɗaukar yaro a cikin sallah Annabi (SAW) da kansa ya yi. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, Bukhari da Muslim ma sun ruwaito daga Abu Ƙatada, cewa Annabi yana sallah ɗauke da Umama, 'yar 'yarsa Zainab da Abul As ɗan Rabi'u. In zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukarta. Malamai sun tsaya a kan wannan hadisi sosai. Ibnul Ƙasim ya ruwaito daga Malik cewa a nafila ne aka yi haka, amma ruwayar Muslim ta ce Annabi yana limancin mutane ne a lokacin, shi ya sa Nawawi ya ce hadisin yana nan a kan zahirinsa, farilla da nafila. Ashhab da Ibnu Nafi'u kuwa sun ruwaito daga Malik cewa an yi haka ne saboda lalura, inda babu mai riƙe yarinyar. Dubi wannan ruwaya ta biyu da kyau. Ko da mun ɗauki fassarar da ta fi ƙunci, halinki ne aka siffanta: uwa ita kaɗai a cikin gida, ƙofa a rufe, babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za a ƙwala wa kira. Saboda haka ki ɗauke ta, ki ajiye ta, ki sake ɗauka, ko ki goya ta tun kafin ki tayar, duk sallarki tana nan.

Hawan baya ma akwai nassi a kansa. Nasa'i da Ahmad sun ruwaito daga Shaddad ɗan Hadi cewa Annabi ya fito sallah ɗauke da Hasan ko Husaini, ya ajiye shi ya kabbara. Sai ya yi wata sujada ya daɗe, har Shaddad ya ɗago kai ya leƙa, ya ga yaron a bayan Annabi. Da aka sallame mutane suka ce sun zaci wani abu ya faru, ko wahayi ake saukarwa. Ya ce babu ko ɗaya, ɗansa ne ya hau shi, bai so ya gaggauta masa ba har sai ya gama. Masallaci cike da manyan sahabbai, goshinsu a ƙasa, suna jiran yaro ya sauko don kansa. Duk lokacin da na karantar da wannan hadisi nakan tuna iyayen da ke make yaro da gwiwar hannu a tsakiyar sallah, suna ganin kishin addini suke yi. Ki bar shi ya sauka, ko ki sa hannu ki sauke shi a hankali. Wucewarsa ta gabanki ma ba ta ɓata miki sallah.

Motsi kaɗan don buƙata bai da komai. Annabi ya taka ya buɗe wa A'isha ƙofa yana sallah, ya koma wurinsa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. In yarinya ta nufi wayar wuta ko matakala, ki taka ki janyo ta ba tare da kin ba alƙibla baya ba, ki ci gaba. In haɗarin ya yi girma har sai kin yi gudu ko kin yi magana, ki yanke sallar, yankewar a nan wajibi ce, ki dawo ki sake daga farko.

Sai batun famfas. Asalin abu tsarki ne, shakka ba ta kawar da yaƙini. In ba ki ji wari ba, ba ki ga alama ba, ba a ɗora miki bincike a tsakiyar sallah ba. In kuwa kin tabbata ta yi fitsari ko kashi, to mafi yawan malamai suna ganin mai ɗauke da ita yana ɗauke da najasa ne, sai ki canza mata tukuna. Mafi sauƙi shi ne ki mayar da canjin famfas wani ɓangare na shirin sallah: ki canza mata, ki wanke hannu, ki yi alwala, ki tayar. In ma da alwalarki kika yi mata tsarki, a mazhabar Malik alwalar ba ta warware ba, wanke hannu kawai za ki yi; Shafi'awa ne ke ganin taɓa al'aurar yaro yana warware ta. In kin sallame sannan kika gano akwai najasa, sallar ta yi, sai dai Malikawa sun so a sake muddin lokaci bai fita ba, domin a wurinsu kawar da najasa yana rataye ne da tunawa da kuma iko.

Akwai wani rangwame da mata da yawa ba su san shi ba, alhali yana cikin Muhtasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikawa: an yi afuwa ga abin da ya taɓa tufar mai shayarwa na fitsari ko kashin yaro, matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, kuma an so ta ware tufa ta sallah. Ki samu doguwar riga ɗaya da hijabi, ki rataye su inda hannun yara ba ya kaiwa, ba ki sa su sai za ki hau sallaya. Yawun yaro mai tsarki ne, haka tumbuɗin da bai canza ba.

Haɗa salloli shi ne wurin da zan ɗan ja miki linzami. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah ta kasance wajibi mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi ya haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, a Madina ba tare da tsoro ko tafiya ba. Da aka tambaye shi dalili ya ce Annabi ya so kada ya ƙuntata wa al'ummarsa. Malik ya ce yana ganin lokacin ruwan sama ne. Ibnu Sirin da Ashhab da Ibnul Munzir sun fahimci cewa ya halatta a haɗa saboda buƙata, da sharaɗin kada a mayar da shi al'ada. Hanbalawa sun ambaci mai shayarwa da sunanta cikin waɗanda aka yi wa rangwame, saboda wahalar yawan wanke najasa. Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai, wadda aka kafa a 1997, ita ma ta halatta haɗa Magariba da Isha'i a lokacin zafi idan Isha'i ta yi nisa cikin dare, da haɗa Azahar da La'asar a lokacin sanyi ga wanda ya shiga ƙunci na gaske.

Abin da nake ba ki fatawa da shi: ranar da abu ya cakuɗe, yarinya na zazzaɓi ta ƙi sauka daga jikinki, ko kuna layin asibiti tun hantsi, ki haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, da niyyar haɗawa, babu laifi a kanki. Amma kada ya zama tsarin kullum. Kuma ki lura da wannan, domin a nan ne gajeren yinin hunturu ke yaudarar mutane: ba a haɗa La'asar da Magariba ko kaɗan, ba a haɗa Asuba da komai. Babu mazhabar da ta halatta wannan.

Ni a ganina gajeren yinin nan taimakonki zai yi in kin duba jadawalin lokutan sallah da kyau. A Landan, misali, cikin Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, Azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, La'asar kuma kafin ƙarfe 2. Ke nan La'asar tana shiga tun kafin a tashi yara daga makaranta. Ki jinkirta Azahar zuwa ƙarshen lokacinta, ki yi ta, ki zauna kaɗan La'asar ta shiga, ki yi ta, da alwala ɗaya da sa hijabi ɗaya, sannan ki fita. Wannan shi malamai ke kira jam'us suri: a ido kamar an haɗa, amma kowace sallah ta faɗa cikin lokacinta, kuma babu mai jayayya a kan ingancinsa. Jadawalin masallatai da yawa a can yana nuna La'asar biyu. Ta farko, lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa, ita ce ta Malik da Shafi'i da Ahmad; ta biyu ta Abu Hanifa ce. Ki yi aiki da ta farko. Waɗanda kika riga kika haɗa a baya cikin matsi, in Azahar da La'asar ne ko Magariba da Isha'i, ba sai kin rama ba. In kin taɓa barin La'asar har rana ta faɗi, kin riga kin rama ta da kika yi ta, saura istigfari.

Yanzu kukan da kike yi bayan sallama. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa Annabi ya ce yakan shiga sallah yana nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita saboda abin da ya sani na tsananin damuwar uwarsa. Bai ce matar nan ta gyara khushu'inta ba, bai ce ta daina zuwa da yaro ba. Ya san zuciyar uwa tana tafiya wurin kukan ɗanta, sai ya rage sallar jama'a gaba ɗaya dominta. To ke ma ki taƙaita. Fatiha da gajerar sura, ruku'u da sujada da natsuwa gwargwadon yadda gaɓoɓi za su zauna, shi ke nan farilla ta cika. In kin rikice tsakanin raka'a uku da huɗu, ki ɗauka uku ce, ki ƙaro ɗaya, ki yi sujadar ba'adi. Dogon karatu da doguwar addu'a ki ajiye su zuwa lokacin da suka yi barci, in kina da sauran ƙarfi. In babu, ki kwanta, Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Kuma yaron nan ɗan shekara huɗu, a garin da ba ya jin kiran sallah daga waje, a ina zai san akwai wani abu wai shi sallah in ba a bayanki da yake hawa ba? Kada ki riƙa kulle su a wani ɗaki don ki samu natsuwa. Ki shimfiɗa masa ƙaramar sallaya a gefenki, ya yi ruku'u ɗaya ya gudu, gobe ya yi biyu. Umarni da sallah sai ya kai shekara bakwai, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud. Yanzu lokacin gani da sabo ne.

Saura maigida, kuma ina roƙon ki nuna masa wannan sakin layi. Malam, Allah Ya saka maka da alheri a kan riƙo da jam'i a ƙasar da masallaci ke da nisa, kada ka bari. Amma matarka ta yini sa'o'i goma ko fiye ita kaɗai da yara biyu, kuma hidimar da dangi da yawa suke rabawa a tsakaninsu ta dawo kanku ku biyu. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 233, kada a cutar da uwa saboda ɗanta. An tambayi A'isha abin da Annabi ke yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. Hidimar ta zo kafin fitar. In ka shigo, ka karɓi yaran minti goma ta yi sallarta ba kowa a jikinta, sannan ka kama hanyar masallaci. Ranar da ka ga ta gaji tilis, ko yaro ba lafiya, ka tsaya ka ja ta sallah a gida, jam'i yana ƙulluwa da mutum biyu, kuma jinyar mara lafiya uzuri ne da malamai suka ambata na barin jam'in masallaci. A ranakun hutunka kuma ka ɗauki babban ku tafi tare, ya ga sahu, ya ji amin ɗin mutane da yawa.

Allah Ya raya muku su a kan Musulunci, Ya karɓi ibadarku. Wallahu a'alam.