Amsa ga ɗan'uwan da ƙarshen Quantum Leap ya hana barci

Ɗan'uwa, sannu. Na karanta tambayarka sau uku kafin na iya ɗaukar waya in rubuta. Ka ce ka gama kallon kashi na ƙarshe na Quantum Leap, shirin talabijin na Amurka inda Sam Beckett yake tsalle daga wani zamani zuwa wani yana shiga rayuwar mutane a cikin kamanninsu don ya gyara musu ita, ka kasa gane ko Sam mutuwa ya yi a mashayar da ya faɗa a kashin ko kuwa shi da kansa ya ƙi komawa gida, kuma kwana biyu ke nan abin yana cin ranka. Wallahi kamar daga bakina ka cire maganar.

Ni da dare na kalla, ni kaɗai, bayan wata huɗu ina bin shirin kashi bayan kashi har 97 ɗin nan. Da Sam ya ɗaga kai ya ga fuskarsa a madubi, tasa ta ainihi, sai na miƙe tsaye. Na ce shi ke nan, yau za a mai da bawan Allah nan gida. Ranar ma 8 ga Agusta 1953 ce, ranar da aka haife shi, to me ya rage? Sai ga baƙin allo da rubutu. Beth, matar Al abokin Sam, ba ta sake aure ba, ita da Al sun haifi 'ya'ya mata huɗu, za su cika shekara 39 da aure. Ina cikin murmushi layi na ƙarshe ya fito, wai Sam bai taɓa komawa gida ba. Na koma baya na sake karantawa. Na jira ko akwai saura bayan sunaye sun gama wucewa, babu. Na zauna ina kallon kwamfutar har ta kashe haskenta da kanta, ni ko motsi ban yi ba. Washegari a wurin aiki aka yi ta tambayata ko lafiya, na rasa ta yaya zan ce shirin da aka gama tun 5 ga Mayu 1993 ne ya sa idona ya kumbura.

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba kashin ba ne, wani mutum ne a wani zauren intanet da nake ciki a lokacin. Na yi irin tambayarka cikin ladabi. Ya zo ya ce duk mai hankali ya san Sam ya mutu tun lokacin da ya shiga na'urar da ta fara tsallar da shi, wanda bai gane ba ya koma kallon zanen yara. Na kawo hujjata, ya ɗauki hoton rubutuna ya liƙa yana cewa a zo a ga masu kallo da ido ba da ƙwaƙwalwa ba. Mutanen da muka yi wata da watanni muna hira da su suka bi shi da dariya. Ko mutum ɗaya bai ce a bari ba. Na bi shi ta saƙon sirri na ce Malam, ra'ayi riga ne, me ya yi zafi? Ya karanta, bai amsa ba, da safe na tarar an goge rubutuna gaba ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Shi ya sa da na ga wani a ƙasan tambayarka ya fara da "ai a fili take", raina ya ɓaci. Kada ka kula shi.

Masu cewa ya mutu suna da abin kamawa, ba zan ɓoye maka ba. Tsohon mai haƙar kwal ɗin nan, Stawpah, ya taimaka aka ceto mutum biyu da ramin ya rufta da su, sannan ya ɓace cikin shuɗin haske irin na Sam, daga baya aka ji ya daɗe da mutuwa. Ga kuma fuskokin da Sam ya sani daga tsalle-tsallensa na baya cike da mashayar da wasu sunaye. Amma ni abin da ya tsaya min shi ne maganar mai mashayar, da ya nuna wa Sam cewa shi ne yake tsallar da kansa, kuma zai iya komawa duk lokacin da ya so. Sam ya ce gida yake so, yana hawaye, amma da aka zo tafiya wurin Beth ya nufa. Ban ga yadda za a ba matacce irin wannan zaɓin ba.

Don Allah, kafin ka sake kallon na ƙarshen, koma kashi na ƙarshe na zango na biyu, na Afrilun 1969, inda Al yake tsare a Biyetnam Beth kuma ta fid da rai da shi. A can Sam ya ƙi faɗa mata mijinta yana raye, ya ce doka ta hana su gyara rayuwar kansu. Ka kalli inda Al na zamanin Sam, wanda hotonsa kawai ke raka Sam, yake rawa da ita alhali ba ta ganinsa, bai iya taɓa ta. Ka gama wannan ka sa na ƙarshe nan take. Ni sai da na yi haka na ga bashi ne Sam ya je biya. Kuma kada ka yi shi da dare kai kaɗai.

Wani abin da ya ɗan sanyaya min rai: lokacin da aka ɗauki kashin ba a tabbatar tashar NBC za ta tsai da shirin ba, rubutun nan daga baya aka ƙara shi. Duba da kyau, ko sunan Beckett da "t" ɗaya suka rubuta. Zango biyar ana bin mutum, a sallame shi da sunan da ba a rubuta daidai ba! Mashayar kuwa ta garin Cokeburg ce a jihar Pennsylvania, garinsu Donald Bellisario wanda ya ƙirƙiro shirin, kuma irin ta mahaifinsa ya sa aka gina. Shi ma 8 ga Agusta aka haife shi, a 1935. Tun da na san haka na daina matsa wa kaina sai na fassara kowace kujera da ke ɗakin.

Wadda har yanzu ban huce a kanta ba ita ce Donna. Matar Sam ce, mun gan ta a farkon zango na huɗu tana jiransa, ta ma hana a tuna masa da ita don kada ya kasa aikinsa. An gyara wa Beth rayuwa, ita ko sunanta ba a sa a allon ba. Kuma kada ka sa rai sabon shirin na 2022 zai cike maka wannan gurbin. Scott Bakula da ya fito a matsayin Sam bai dawo ba, Dean Stockwell da ya fito a matsayin Al ya rasu a 2021, shi ma sabon zango biyu ya yi aka tsai da shi a 2024. Na kalle shi ina jiran Sam ya leƙo ko sau ɗaya.

In ka sake kallon kashi biyun nan, ka dawo ka faɗa min yadda ka ga fuskar Sam a lokacin da yake gaya wa Beth cewa Al yana nan da rai. Ni ban ga fuskar wanda aka tilasta ba, amma ina so in ji daga gare ka.